Ku Tambayi Tsohon Mai Nutso: Kowane Tiyo da Hanyarsa

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini wannan wata kusan duk a kan tiyon na'urar shaƙar iska suke, don haka na haɗa su wuri guda. Mai tambayar yadda ake wanke tabarau ya yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Na yi kwas ɗin nutso a Jidda lokacin da nake aiki can, amma da kayan haya. Yanzu na dawo gida, yayana ya aiko mini da sabuwar regileta, wato na'urar shaƙar iska, sai dai a wargaje ta zo: uwar da ake ɗorawa a kan tukunyar iska daban, tiyo huɗu daban, bakin shaƙa biyu, geji ɗaya mai nuna iskar da ta rage. Na ƙirga ƙofofi shida a jikin uwar. Wanne zai shiga ina, kuma ta wane gefe kowanne zai bi? Daga wani mai karatu a Kawo.

AMSA: Ɗana, barka da dawowa, kuma Allah ya bar zumunci, don yayanka ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, ka rufe taga saboda ƙura, sannan ka zauna.

Iskar da ke cikin tukunya tana da ƙarfin bar 200 ko sama da haka. Aikin uwa shi ne ta sauke ta zuwa bar 9 ko 10 a kan matsin ruwan da kake ciki, bakin shaƙa kuma ya ƙara sauke ta daidai da abin da huhunka zai karɓa. In kana son ka ji nauyin waɗannan lambobi, tuna cewa tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai mai faci ke sa mata. Shi ya sa ƙofofin nan shida ba ɗaya suke ba. Ɗaga uwar a haske ka duba. Biyu za ka ga an buga musu haruffan HP a gefe, su ne ke ɗauke da cikakken ƙarfin tukunya, kuma a kayanka geji kaɗai ke shiga can. Sauran huɗun na iskar da aka sauke ne, wasu kamfanoni suna buga musu LP, wasu ba sa rubuta komai. Tiredin HP ya fi faɗi kaɗan, 7 cikin 16 na inci, na LP kuwa 3 cikin 8. Da gangan aka bambanta su, domin a tsofaffin regileta duk girmansu ɗaya ne, kuma tiyon numfashi in ya sha bar 200 fashewa zai yi nan take. Duk wanda ya sayi ta gwanjo ya ga ƙofofin sun zo daidai da juna, ko ya ga an ƙara wani ɗan ƙarfe tsakanin tiyo da uwa, ya kai wa masani kafin ya buɗe iska.

Kada ka ɗaura tiyo ko ɗaya uwar tana hannunka. Fara sa falmaran ɗin iska, wato rigar da mai nutso ke hurawa don daidaita nutsewarsa, a jikin tukunya, ka ɗora uwar a kan bawul, ka tsaya a bayan tukunyar yadda damanka zai zama daman wanda zai goya ta. Daga nan ido zai nuna maka ƙofar da ke kallon inda kowane tiyo zai nufa. Dama ta numfashi ce, hagu ta falmaran da geji. Bakin da za ka riƙa shaƙa da shi, mai tiyo kimanin santimita 70 zuwa 75, ya fito ta dama ya haura kafaɗa ya shigo baki. In ka ga wata ƙofa da kamfani ya yi wa alama ta musamman, tasa ce. Baki na biyu, na ko-ta-kwana, wanda muke ce wa okto, shi ne mai tiyo rawaya mai tsawon santimita 90 zuwa 100. Shi ma ta dama, amma ta ƙarƙashin hammata zai bi, ya zo ya maƙale a ƙirji, tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari. Akwai masu koyarwa a Turai da ke fito da shi ta hagu don ya fuskanci wanda za a miƙa wa ba tare da tiyon ya murɗe ba. Hujjarsu mai kyau ce, ban ƙi ta ba, sai dai kai da abokin nutsonka ku tsaya a kan tsari ɗaya. Tiyon hura falmaran ya fito ta hagu ya bi kafaɗa tare da babban bututun nan mai kama da maƙogwaro, a ɗaure su tare, ka ja zoben bakinsa baya ka danna shi har ka ji ya ce ƙas, sannan ka ɗan fizge shi ka tabbata ya kama. Geji ya sauka ta hagu a bayan hannu, a sa masa maƙali a zoben ƙarfe na ƙugu. Ƙofofi biyun da suka rage a bar su da toshinsu.

A Jidda ka koyo, inda mutum ke hango abokinsa daga nesa kamar a fili. Nan ba haka ba ne. Kogin Kaduna da damina ruwansa kamar kunun kanwa yake, tafin hannunka ma ba za ka gani ba ko ka manna shi a tabarau. A dam irin na Kangimi ga ragowar komar masunta, ga mamari da ƙugiyoyinsa, ga rassan itatuwan da ruwa ya cinye. A irin wannan ruwa hannu ne ido. Dole hannu ya san inda kowane tiyo yake ba tare da ya yi lalube ba, kuma kada a bar komai yana reto.

Ni da kaina na ɗanɗana. Shekarun baya an kira mu ciro wata mota da ta faɗa ruwa, zurfin bai fi mita takwas ba. Kamfanin da ya ɗauke mu ya ba mu kaya babu maƙalin okto, ni kuma saboda gaggawa na ce ba komai, na bar shi yana bin bayana kamar jelar biri. Muna rarrafe a ƙasa muna neman inda za mu ɗaura igiya sai na ji an damƙi hannuna da ƙarfi. Abokin aikina ne, robar bakinsa ta tsinke, ruwa yake sha. Na kai hannu ƙirji, wayam. Na shafa ƙugu, babu. Sai da na miƙa hannu baya har kan uwa na biyo tiyon da yatsu, na jawo shi, na cusa masa. Ya ja numfashi ɗaya ya tofar, ashe taɓo ya cika shi fal. Na cire nawa na ba shi, muka riƙa karɓa-karɓa har muka fito. A bakin ruwa na buɗe okton, na kakkaɓe yashi ya kai cokali biyu, har da wani ɗan dodon koɗi a manne a jikin robar ciki. Maƙalin da zai hana wannan duka, kuɗinsa a lokacin bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba.

To, ɗauri. Cire toshin ƙofa da alanki, ka adana shi a gwangwani, wata rana za ka neme shi. Duba zoben robar da ke bakin tiyo, kada ya kasance da tsaga ko gashi ko ƙwayar yashi. Shafa masa man silikon kaɗan, iya abin da zai sa ya yi sheƙi. Ban da basilin, ban da baƙin mai, ban da giris ɗin mota, duk suna lalata roba. In kuma za ka riƙa amfani da iskar da aka ƙara wa oksijin sosai, silikon ɗin ma bai dace ba, akwai man da aka yi don ita. Murɗa tiyon da yatsu kawai har ya zauna. In ya cije tun a zagaye na farko, tiredin ya hau karkace, warware ka sake. Bayan ya zauna sai ka sa sifana ka ɗan ƙara masa kaɗan, shi ke nan. Zoben roba ne ke tare iska, ba ƙarfin damtsenka ba, kuma jikin uwar farin ƙarfe ne a ido kawai, cikinsa tagulla ce mai laushi. Na ga ƙato ya ɗaure tiyo kamar yana ɗaure notin tayar tirela, tiredin ya cinye, uwa sukutum ta tashi aiki. Farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo kuwa, kada ya kusanci wurin. Yana yagewa ya shige ciki ya toshe hanyar iska.

In ka gama, juya fuskar geji ƙasa ko gefe, ka danna maɓallin bakin shaƙa kaɗan, ka buɗe bawul a hankali, sannan ka saki maɓallin. Shaƙi kowane baki sau uku ko huɗu kana kallon allura. In tana rawa, ko bawul bai buɗe duka ba ko matatar uwa ta toshe. Rufe bawul ka bar shi minti biyar. Allura ta sauka, akwai inda ke yoyo, ruwan sabulu zai nuna maka wurin. Daga nan goya kayan, ka ɗaga kai sama. In ƙeyarka ta bugi uwa, sauke tukunyar kaɗan. Juya kai hagu da dama, bakin bai kamata ya ja maka muƙamuƙi ba. Sai ka rufe ido, ƙaninka ya riƙa kiran suna, okto, geji, falmaran, kana kai hannu. Wanda ka yi lalube kafin ka same shi, wurinsa bai yi ba tukuna.

Da a ce kai ɗan cikina ne, da na ce kafin ta taɓa kogi a kai ta wurin mai gyara ya auna iskar tsakiyar nan ta bar 9 zuwa 10, a kuma fara gwada ta a wurin ninƙaya na otal. Abu ɗaya kuma da ba ka tambaya ba: Kaduna tana kan tudu wajen mita 600 sama da teku, kuma a ƙa'idar nutso duk abin da ya haura mita 300 lissafinsa daban ne. Jadawalin da ka yi amfani da shi a Bahar Maliya ba zai yi maka a nan yadda yake ba.

TAMBAYA: Malam, ina ganin Turawa a YouTube da wani dogon tiyo da suke naɗawa a wuya, da ƙaramin baki a rataye ƙarƙashin haɓa kamar laya. Abokaina sun ce shi ne na ƙwararru. In koma shi? Daga wani ma'aikacin ceto a Tudun Wada.

AMSA: Ƙanena, da farko gyara guda: ba naɗa shi ake yi a wuya ba, kuma kada ka kuskura ka naɗa. Tsawonsa ƙafa 7 ne, wato mita 2.1, akwai kuma na ƙafa 5 don buɗaɗɗen ruwa. Yana fitowa ta dama, ya sauka ta bayan haƙarƙari zuwa ƙugu, a soke shi ƙarƙashin gidan batirin fitila ko kuben wuƙa, ya ratsa ƙirji ya hau kafaɗar hagu, ya bi ta bayan wuya, ya shigo baki ta dama. Rabin zagaye ke nan. In ka sunkuyar da kai ka miƙa hannu, sai ya zame gaba ɗaya. Na biyun kuma, mai gajeren tiyo kamar santimita 55 zuwa 60, shi ne ke rataye da igiyar roba a ƙarƙashin haɓa.

Masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a jihar Fulorida ta Amurka su suka raya wannan tsari, har ana kiransa da sunan ɗaya daga cikinsu, William Hogarth Main. Dalilinsu a fili yake. A cikin matsattsen kogo mutum biyu ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa, sai ɗaya a gaba ɗaya a baya, don haka tiyon da za a raba iska da shi dole ya kai tsawon mutum. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, na bakinka kake bayarwa, wanda ka tabbata yana aiki tunda yanzu ka shaƙa, kai kuma ka sunkuya ka ɗauki na wuyanka, wanda bai taɓa jan ƙasa ba. Ai ka ji labarin dodon koɗina a sama. Kuma mutumin da iska ta yanke masa ba ya tsayawa neman rawaya, na bakinka yake fizgewa, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Ni yanzu da shi nake nutso.

Amma ban ce ka je ka saya gobe ba. Dogon tiyo a hannun wanda bai koya ba tarko ne. Akwai tsarin sawa: ratayen wuya tukuna, dogon a kansa. In ka juya, ranar da za ka miƙa shi sai ka tarar igiyar roba ta danne shi. Haka in ka haɗa wani abu a ƙirji bayan ka sa shi. Shi ya sa masu shi ba sa shiga ruwa sai sun warware shi duka sun mayar, kowane shiga, ba fashi. Bututun shaƙa na saman ruwa da ke maƙale a tabarau ma yana kama shi, sai a cire a sa a aljihu. Ga kuma babbar magana a aikinku: ku ƙungiya ce. In mutum biyar sun saba neman rawaya a ƙirji, kai kaɗai ka koma wani tsari, ka ƙara musu ruɗani a cikin ruwan da ba a gani. Ko ku koma tare bayan an koya muku, ko ku zauna a kan na da, ku gyara maƙalanku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Tiyon numfashina ya tsage kusa da ƙarfen bakinsa. Wani a Panteka ya ce zai yanke wurin ya matse mini sabon kai irin na tiyon giris ɗin katafila, wanda ya ce ya fi na Bature ƙarfi. Yaya ka gani? Daga Rigasa.

AMSA: Ban raina Panteka ba, can nake kai tukunyar girkin gidana da ƙofar shagona, kuma gaskiya ya faɗa, tiyon katafila yana ɗaukar matsi fiye da naka. Amma don mai aka yi shi, ba don huhu ba. Cikinsa yana wari, yana sakin abin da bai kamata ka shaƙa ba, kuma a zurfin mita 10 iskar da kake ja ninki biyu ce, dattinta ma ninki biyu. Kitse kake gani, rogo ne. Mutane suna tsoron tiyon geji saboda shi ke da bar 200, alhali ramin da iska ke bi ta bakinsa kamar na allura yake, in ya fashe tukunya takan ɗauki wajen minti ashirin kafin ta ƙare. Na numfashi mai bar 10 ɗin nan da ake rainawa, shi ne in ya ɓalle yake zazzage cikakkiyar tukunya cikin ƙasa da minti biyu. Yanka tsohon gida biyu don kada wani ya tsinta, ka aika Legas a sayo sabo.

TAMBAYA: Baba, maigidana yana nutso lokaci-lokaci. Kayan suna zaune a but ɗin mota ko a ɗakin janareta wata da watanni. Ran nan ya buɗe na ji wani ɗan tsiii daga wajen agogon. Ya ce ba komai. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida a Unguwar Rimi.

AMSA: 'Yata, kunnenki ya fi nasa. Wannan ƙarar galibi daga wani ɗan siririn ƙarfe take, mai kama da tsinken ashana, da ke tsakanin geji da tiyonsa, yana da ƙananan zoben roba biyu. Su ne suka bushe. Gyaran minti goma ne da sifana biyu, kuɗinsa kaɗan, amma a yi shi kafin ya sake shiga ruwa.

Inda ake ajiye kayan ya fi damuna. But ɗin mota a watan Maris da Afrilu tanda ce. Ɗakin janareta kuma ga tururin fetur ga hayaƙi, duk abokan gābar roba ne, hunturu ya zo ya ƙarasa busar da ita. In tiyon nasa irin mai saƙar zare ne a waje, a ƙara kula. Ƙungiyar DAN mai bin lafiyar masu nutso ta yi gargaɗi cewa cikin wasu irinsu yana rugurgujewa a ƙasashe masu zafi, ya zama gari-gari kamar ɓarzajjen sukari ya toshe bakin shaƙa, alhali daga waje tiyon kamar sabo. Shawararsu a canza tiyo duk shekara biyar ko bayan nutso 500, wanda ya riga zuwa.

Ki ce ya ja robar nan da ke rufe gindin kowane tiyo baya, ya leƙa ƙarƙashinta, don a nan tsaga da tsatsa ke ɓuya. Ya bi tiyon da yatsu yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, in ya ji kumburi ko wani wuri ya yi tauri ko yana ƙaras-ƙaras, ya tashi aiki. In zai wanke, ya busar da murfin uwa ya rufe ta ruf kafin ruwa ya taɓa ta, kuma kada ya danna maɓallin baki a cikin ruwa in ba a kan tukunya take da iska ba. Ta bushe a inuwa, a naɗe ta sako-sako kamar yadda kike naɗe igiyar guga, a sa a akwatin roba mai murfi a cikin ɗaki. Murfin dole ne, domin kyankyasai da ɓeraye suna son robar bakin nan. Nawa na farko ɓera ne ya cinye masa kunne ɗaya a ƙarƙashin gado, ban sani ba sai da na sa a baki a gaɓar ruwa.

In ya ce miki shi ya san kayansa, ki yanke wannan shafi ki ajiye masa a kan farantin tuwonsa.